Aikin binciken ɗan lakol: baki, kaye, sannan salula

Ina gaida ɗaliban yaƙi da jahilci na gundumomin Madawa da Buza da Keita, maza da mata, tare da malamansu.

Hirarmu ta yau, tambaya ce ta kawo ta. Wata dattijuwa da ke ajina na manya, a wani gari na ƙasar Buza, ta tsaya bayan an tashi daga karatu. Ta ce mini: "Malam, ɗana na aji biyar ya zo gida, ya ce mushe ya ba su aikin bincike. Ya ce in ba shi salula da kuɗin kati. Ni dai ban gane ba. Wannan karatu ne ko wasa? In na hana shi, ina tsoron in tauye shi. In na ba shi, ina tsoron in ɓata shi."

Na ce mata: "Inna, wace tambaya mushe ya yi musu?" Ta ciro takarda daga cikin littafinta, ta karanta da kanta, a hankali. Tambayar ita ce: wa ya dasa layukan bedi na kwarin Majiya, kuma don me aka dasa su?

Sai na yi dariya. Ita ma ta yi dariya, don ta gane. Kakan yaron yana cikin mutanen da suka dasa itatuwan nan. Yana nan da ransa, kullum yana zaune a zaure. Amma jikansa yana neman kuɗin kati, don ya tambayi waya abin da ke cikin gidansu.

To, uwaye da yawa suna da irin wannan damuwa. Shi ya sa na ce bari mu zauna a kanta yau.

Mene ne bincike?

Bincike ba wani abu ba ne na Turawa. Kowa a cikinku yana yin sa. Manomin albasa na kwarin Tarka, kafin ya ɗora buhu a mota, sai ya tambayi farashi a Madawa, ya tambayi na Galmi. Ba ya tsayawa ga maganar dillali guda. Uwa, kafin ta ba da ɗiyarta aure, sai ta sa a binciki asalin yaro da halinsa. Ta ji daga wannan, ta ji daga wancan, ta auna. Wannan shi ne bincike: ka yi tambaya, ka nemi amsa wuri fiye da guda, ka gwada su, ka riƙe wadda ta fi ƙarfi.

Abin da lakol ta ƙara a kai shi ne rubutu. Manomi yana ajiye abin da ya ji a ka. Ɗan lakol ana koya masa ya ajiye shi a kaye, ya sa sunan wanda ya faɗa masa da ranar da ya ji. Ta haka wani zai iya dubawa, ya ce nan daidai ne, nan akwai gyara.

Kun san ajin firamare shida ne: CI, CP, CE1, CE2, CM1 da CM2. Yaron CI da CP yana fama ne da baƙaƙe da ƙidaya a kan ardwaz. Nasa binciken ƙarami ne. Ya ƙirga awakin gida, ya kawo ganyen itace uku ya faɗi sunansu. Daga CE zuwa sama ne ake fara aiken yaro ya yi tambaya a gari, ya dawo ya rubuta layi biyar ko goma. Na CM kuwa, ana son ya haɗa maganar mutum biyu ko uku, ya karanta wa aji.

Mu koma ga bedin Majiya, mu ga yadda aikin ya kamata ya tafi.

Yaro ya ɗauki kaye da bik, ya je zaure, ya durƙusa ya gaida kakansa. Tsoho zai ba shi labarin iska. Yadda take taso wa kwarin, ta kwashe ƙasa mai kyau, ta rufe shuka tun tana ƙarama, har mutum ya yi shuka sau biyu ko uku. Zai faɗi yadda aka haƙa ramu, da yadda aka yi tsaron dashe don kada bisashe su ci. Zai yiwu ma ya faɗa masa cewa da fari wasu ba su so abin ba, don suna ganin itace zai cinye musu gona. Wannan ba ya cikin kowace waya.

Amma in yaro ya ce: "Kaka, wace shekara ce?" tsoho zai ce: "Bayan babban fari, farkon zamanin Kunce." Nan ne yaro yake bukatar takarda. Sai ya je wurin mushe, ko wurin ma'aikacin gandun daji. A rubuce yake cewa an fara dashen a shekarar 1975, tsakanin mutanen kwarin da ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE. Layi biyu-biyu aka yi, kuma tsakanin wannan jeri da wancan akwai mita 100. Sai yaro ya duba, ya ga Janar Seyni Kunce ya hau mulki a 1974. Ashe maganar kaka da maganar takarda sun haɗu.

Saura abu guda. Ya tafi gona da ƙafarsa, ya ƙirga taki nawa ne daga jeri zuwa jeri. Ya duba ko itatuwan suna nan, ko an sare wasu. Abin da ya gani da idonsa, shi ma ya rubuta. Kun ga ya samo amsa daga wuri uku: baki, takarda, da ido. Ko dala bai kashe ba.

Ƙasarmu cike take da irin waɗannan tambayoyi. Yaran Keita da Tamaske da Ibohaman da Garhanga suna da babban littafi a shimfiɗe a bayan gari. A 1984 aka fara aikin raya karkara na Keita, da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO, ana biyan ma'aikata da abinci. An jera duwatsu a kan fako, an haƙa ramu a jikin tsauni, an datse ƙoramu, an dasa itace miliyoyi. Mata ne suka yi mafi yawan aikin, don maza da yawa sun tafi cin rani. Matan nan, yau su ne kakannin ƴan lakol. Yarinyar da ta zauna gaban kakarta ta rubuta yadda aka ɗauki dutse a ka, da irin abincin da aka ba su, da yunwar shekarar da ake kira El Buhari, ta yi aikin da ko masana na Yamai za su so su karanta. Na Madawa kuma, ga albasa, ga saƙar tabarma. Daga ina kaba take zuwa? Kwana nawa ake yi ana saƙa tabarma guda? Nawa mai saƙa take samu, nawa ɗan kasuwa yake samu? Ga lissafi nan, ga rubutu nan, duk a tambaya ɗaya.

Inda gizo yake saƙa

Yanzu zan faɗa muku magana mai nauyi. Tambaya ba ta yi wa yaranmu wuya. Rubutun ne yake kayar da su.

Akwai wani awo da ake yi wa ƴan firamare a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, sunansa PASEC. A awon 2014, cikin yaran Nijar 100 da suka kai ajin ƙarshe, waɗanda suka iya karatu yadda ya kamata ba su kai 10 ba. A awon 2019 an samu ci gaba, sun kai wajen 30. Alhamdu lillahi. Amma ku lura, ma'anarsa ita ce a lokacin, yara wajen 70 cikin 100 sun yi shekara shida a lakol ba su iya karanta shafi su gane shi sosai ba.

Yaron da bai iya karatu ba, me zai yi da intanet? Zai buga tambaya, rubutu ya fito masa jingim da Faransanci. Sai ya kwafe layi goma na farko, baƙi bayan baƙi, ya kai wa mushe. Na ga irin wannan kaye da idona. Rubutu tsaf, kamar na akawu. Na ce wa mai shi ya faɗa mini da Hausa abin da ya rubuta. Ya sunkuyar da kai. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Amma wannan kwafi ne, ba bincike ba.

Shi ya sa, a ganina, yaro ya fara rubuta abin da ya samo da harshen da ya ji shi. Kaka ya yi magana da Hausa ko Buzanci ko Fulatanci, to a fara kama maganar da wannan harshe. Daga baya a juya ta Faransanci tare da mushe. Wannan ba sabon ra'ayi ba ne a ƙasarmu. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suke fara karatu da Hausa. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunanmu a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci. A 2025 kuma, kundin sake gina ƙasa ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa. Ku da kuke koyon karatu da Hausa yanzu, kada ku ɗauka naku karatun na baya ne. Shi ne ya ba ku ikon buɗe kayen ɗanku.

Tun da na ambaci sabon ra'ayi, bari in ɗan ratse. Manyanmu na Madawa za su tuna da jarida mai wannan suna, Sabon Ra'ayi, wadda ake bugawa can saboda ɗaliban yaƙi da jahilci. Manoma ne suke aiko da labarin garuruwansu ana bugawa. Wanda yake da tsohon kofi a cikin akwati, don Allah ya nuna wa jikokinsa. Za su yi mamakin yadda ake ninka wasula a rubutun wancan zamani. Za su kuma ga cewa mutumin ƙauye ya daɗe yana rubuta labarinsa da hannunsa.

To, na'ura fa?

Kada wani ya ce Malam ya hana salula. Ban hana ba. Ni ma da ita nake aiki. Amma Nijar ta taɓa gwada koyarwa da na'ura tun kafin a haife ni, kuma ya kamata mu san abin da ya faru.

A 1964 aka fara talabijin ta makaranta a Yamai, da taimakon Faransa. Ana sa akwatin talabijin a aji, darasi yana fitowa a ciki, wani mai kula yana tsaye yana bi da yara. A 1966 aji 22 ne suke cikin shirin. Baƙi daga ƙasashe sun zo kallo, don yaran sun iya magana da Faransanci da sauri. Amma abin yana da tsada. Ga gyara, ga wuta, ga ma'aikata. Bai taɓa kai wa ga yawancin yaran ƙasa ba, kuma a ƙarshen shekarun 1970 aka daina. Daga kayansa da ma'aikatansa ne talabijin ta ƙasa, Tele Sahel, ta samo asali.

Wata ƙasa mai suna Peru, can Kudancin Amurka, ita kuma ta raba wa ƴan firamare ƙananan kwamfutoci, dubu ɗaruruwa. Da masana suka auna makarantu 319 na karkara, suka fitar da sakamako a 2012, sai suka ga yara sun iya sarrafa kwamfuta sosai. Amma a lissafi da karatu, ba su fi waɗanda ba a ba su ba. An kawo na'ura, ba a sake yadda ake koyarwa ba.

Labari na uku naku ne, ku manya. A 2009 aka yi wani gwaji a jihohin Doso da Damagaram, a garuruwa 113, tare da ƙungiyar CRS da wata masaniya ta Amurka mai suna Jenny Aker. Sunan shirin ABC. Duk garuruwan an yi musu ajin yaƙi da jahilci iri ɗaya. Amma a rabinsu an ƙara abu guda: an koya wa ɗalibai yadda ake nemo baƙaƙe da lambobi a ƙaramar salula, da yadda ake rubuta saƙo. Da aka yi jarrabawa, na garuruwan salula sun fi sauran a rubutu da lissafi. Bayan watanni da rufe aji ma, sun fi riƙe abin da suka koya.

Me ya bambanta wannan da na Peru? Ga yadda nake gani. Ɗaliban ABC suna da malami, suna da allo, suna da littafi. Salula ta zo ne a bayansu, ta ba mutum dalilin yin rubutu kullum: ya aika wa ɗansa da ke Abijan saƙo, ya tambayi kuɗin wake a kasuwa. Hannu yana aiki, kai yana aiki. Ba kallo kawai aka zauna ana yi ba.

Haka ya kamata ta zama ga ɗan lakol. A garuruwanmu da yawa babu wuta a lakol, wasu ajin ma na zana ne. Salular mushe ko ta uba ita ce na'urar da ke akwai, ita ma sai an kai ta caji wurin mai sola. To, ga inda take da amfani na gaske. Yaro zai iya ɗaukar muryar kakansa, da izninsa, ya sake saurare a hankali yana rubutawa, don tsoho ba ya jiran mai rubutu. Zai iya ɗaukar hoton jerin duwatsu a rani, ya sake ɗauka a damina, aji ya gwada biyun. Zai iya buga wa kawunsa da ke Legas ko Agadas waya, ya tambaye shi nawa buhun albasa yake can, ya cire kuɗin nan gida, ya ga abin da mota da dillali suke ci. Zai iya duba taswira ya ga inda ruwan Majiya yake bi har ya shiga Najeriya. In an zo neman shekara ko sunan wata ƙasa, intanet tana taimako, amma tare da babba, kuma a gwada da abin da ke littafi.

Don kuwa waya tana ƙarya. Ba duk abin da aka turo a WhatsApp ba ne gaskiya. Yanzu har akwai manhajar da ake yi wa tambaya ta ba da amsa kamar mutum. Tana da ban mamaki, amma in ba ta san abu ba, tana iya ƙaga amsa ta faɗe ta da ƙarfin hali, kamar ɗan kasuwa mai rantsuwa. Ta fi yin haka a kan ƙananan garuruwa irin namu, waɗanda ba a rubuta labarinsu da yawa ba.

Wani abu kuma, ku da yaran duka. Saƙon murya yana da daɗi, amma yana kashe hannu. Na san ɗalibaina da suka iya rubutu, suka koma danna waya suna magana, bayan shekara baƙaƙen suka gudu. Ku riƙa rubuta saƙo ko da guda ne a rana. Ku kuma kula da baƙaƙe masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Ƙananan wayoyi ba su da su. A manyan wayoyi ana iya sa allon rubutu na Hausa, sai su fito. In babu su, "baƙi sun zo" ya koma "baki sun zo". A waya za a yi haƙuri, amma a kaye kada yaro ya saba da zubar da ƙugiya.

Akwai kuma maganar ƴan mata. A gidaje da yawa, in salula ta shiga hannun yara, ta namiji ce. Ita yarinya tana wurin daka ko rijiya. In mushe ya ba da aiki, ku ba ta lokacinta, ku ba ta wayar ita ma a gabanku. Sau da yawa ma ita ce tsofaffin mata suka fi sakin jiki da ita, su faɗa mata abin da ba za su faɗa wa namiji ba.

In abin ya fi ƙarfin gida ɗaya, akwai kwamitin lakol, wanda muka fi sani da Kojes. Ku tuna, a nan jihar Tawa ne aka fara shirin Lakol Don Kowa a 2004, da taimakon ƙasar Japan, inda mutanen gari suke zaɓen ƴan kwamiti da ƙuri'ar asiri. Daga nan tsarin ya bazu ƙasa duka. In an kira taro, ku je. Wasu za su ce a tara kuɗi a sayi babbar waya. Kafin ku ɗaga hannu, ku tambaya: kowane yaro yana da kaye da bik? Akwai fitilar karatun dare? In an sayi na'urar, wa zai riƙe ta, wa zai yi caji, wa zai gyara in ta lalace? In an amsa waɗannan, a saya.

Ita dai Inna, ga yadda muka ƙare da ita. Ta koma gida ta ce wa ɗanta ba za ta sa kati ba sai ya cika shafi guda daga bakin kakansa. Ya yi fushi, ya yi kwana biyu yana kumbure-kumbure, sannan ya je zaure. Da ya gama, ta karɓi kayen ta karanta da kanta. Duk inda ya rubuta magana, sai ta ɗora yatsa ta ce: "Wa ya faɗa maka wannan?" Wuri biyu ya kasa amsawa, ta sa ya koma. Daga nan ta ba shi wayar, ya ɗauko hoton layin bedi da na kakan a tsaye a gindinsa. Ta ce mini tsohon ya sa babbar riga kafin a ɗauka.

Ga aikinku na wannan mako, ɗalibai. Kowa ya nemi tsoho ko tsohuwa guda a garinsu. Ku tambaye su yadda aka haƙa rijiyar gari ta farko, ko yadda aka kafa kasuwa. Ku tafi da ɗan lakol guda, shi da kayensa, ku da naku. Kowa ya rubuta layi biyar, ya sa sunan mai magana da kwanan wata a sama. In kun dawo, ku yi musayar kaye, ku duba inda rubutunku ya bambanta. Ku kai wa malaminku na yaƙi da jahilci, shi zai tattara ya aiko mana, mu karanta wasu a wannan fili.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan yadda ake karanta takardar sakamako da yaro yake kawowa daga lakol. Sai kun ji mu. Ku huta lafiya.